Fartanyar da Ta Wuni a Zaure

Idan ka shiga ƙauyukan da ke gabas da Ɗanzomo ka tambayi gidan Malam Abdulbaƙi, sai an tsaya ana kallon juna. Amma da ka ce Mai Toka, ko tsohuwar da ba ta fita za ta nuna maka hanya ta kan danga. Sunan ya bi shi tun yana da ƙarfinsa, ya danne na yanka, har matarsa Sabuwa idan tana jin tsokana da shi take kiransa.

Asalin sunan ba wani abin ɓoye ba ne. Kowace shekara idan sanyi ya tafi, rana ta fara cizo, manoma kan shiga sharar gona. A tara tushiyar kara da ƙaya da sauran tarkace tsibi-tsibi, a banka musu wuta kafin ruwa ya sauka. Aikin ba shi da wuya, sanin ranar yinsa ne da wuya. Ƙasar nan shimfiɗe take kamar tabarma, ba dutse ba kwari, ciyawa ta bushe ƙayau. Iskar bazara kuwa ba ta da alƙawari. Da safe ta kwanta luf, da azahar ta tashi ta nufi inda ta ga dama. Wanda ya kunna wuta a ranar da ba ta dace ba, sai ya share gonarsa ya haɗa da ta mutane.

To Abdulbaƙi shi ne mai faɗin ranar. Da an idar da sallar asuba sai ya ɗebi toka a murhun Sabuwa cikin wani tsohon gwangwani, ya fita bayan gari. Ya damƙi tokar, ya ɗaga hannu daidai kafaɗa, ya saki. Sau uku yake yi. Ya dubi yadda ta sauka, ya dubi launin gabas, ya saurari ganyen darbejiya. Daga nan ya dawo ƙofar masallaci inda ake jiransa, ya ce yau a ƙona amma a gama kafin hantsi, ko kuma ya ce kowa ya mayar da ashanarsa aljihu. Wurin mahaifinsa ya koya. Shekara talatin yana yi, a sanin mutane wutar da ya ba izini ba ta taɓa ƙetare iyakar gona ba.

Yana da ƙa'ida guda da ya fi nanatawa har mutane suka haddace. Duk wanda zai ƙona gona ya tafi da fartanya. Bayan wuta ta mutu ya zagaya gonar kaf, duk inda ya ga kandilo, wato busasshen kashin shanu, yana fitar da hayaƙi, ya haƙa ya binne shi. Kara yana ci ya mutu nan take. Kandilo kuwa sai ya wuni yana cin wuta a cikinsa, samansa fari fat kamar ba komai.

Babu wanda ya fi shi sanin kandilo, domin gonarsa cike take da shi. Tun zamanin mahaifinsa, da zarar an kwashe amfani, garken gidan su Hamma ke sauka a gonar. Shanu su ci kara, su kwana a wurin, su bar taki. Ba a taɓa zama an ƙulla wata yarjejeniya ba. Uban Hamma da uban Abdulbaƙi suka fara, 'ya'yan suka tarar suka ɗora. Shi ya sa geron Mai Toka yake fin na maƙwabta tsawon zangarniya, ko da yake shi ya fi so a ce iya noma ne.

Hamma dogon Bafillatani ne siriri, marar yawan magana, amma da ya hango Abdulbaƙi sai bakinsa ya buɗe. Abdulbaƙi jinin Mangawa ne, tsakaninsu da Fulani kuwa wasa ne tun kaka da kakanni. Hamma bai taɓa kiransa da sunansa ba, sai Kaɗo. Shi kuma ya rama da Agwai.

"Kaɗo, yau me tokarka ta ce? Ko ita ma ta gaji da ƙaryarka?"

"Ta ce in gaya wa Agwai bazara ta zo, ya daure ya yi wankan shekara."

Matar Hamma, Yelwa, sai ta yi dariya ta ajiye musu nono. Tana da wata 'yar ƙwarya mai ɗinki a gefe da ta ware wa Abdulbaƙi shi kaɗai, wai hannun Kaɗo bai iya riƙon mai kyau ba. Shekara ashirin yana shan kindirmo a cikinta. Idan ta shiga gari talla, a gidansa take sauke kaya ta huta, ita da Sabuwa su raba goro su taɓa hira kafin rana ta yi sanyi.

Da kaka Abdulbaƙi yakan ɗaure harawar wakensa dami-dami, shi da Hamma su ɗora ta a kan wasu gawo biyu da ke gabashin gonar. Ba a taɓa ta sai ƙarshen rani, lokacin da daji ya zama fili, shanu suka fara nuna haƙarƙari. Harawar nan, da ɗan abin da ya rage na busasshiyar ciyawa a makiyayar da ke bayan gonar, su ne ke riƙe garken Hamma har sabuwar ciyawa ta fito.

Gaskiya ɗaya ce, Malam yana son yabo. Ba mugu ba ne, ba shi da rowa, bai taɓa karɓar ko goro a kan aikin nan ba. Amma idan ya taho daga bayan gari da gwangwaninsa ya ga dattawa sun yi shiru suna jiran bakinsa, tafiyarsa ma canzawa take. Shi ya sa da gidan rediyo ya fara kawo hasashen yanayi, ya ɗauki abin kamar an zo ƙwace masa kujera. Sabuwa tana da 'yar rediyo da take ratayewa a jikin danga kusa da murhu. Duk sanda aka fara bayanin iska sai ya yi tsaki.

"Mutum yana zaune a ɗaki mai sanyi a birni, shi zai gaya mini abin da iskar gonata za ta yi?"

Shekara goma sha ɗaya ke nan da abin ya faru, a tsakiyar watan Maris. Mutanen wani ƙauye a ƙasar Gagarawa suka aiko masa. Wuta ta yi musu ɓarna shekara biyu a jere, suna so ya zo ya zagaya dajinsu ya nuna musu inda za su share hanyar da za ta tare ta. Suka ce ranar Talata da hantsi za su turo babur ya ɗauke shi. Wannan ne karo na farko da sunansa ya ƙetare ƙasar Sule Tankarkar, ya kuwa kasa ɓoye murnarsa. Tun ranar Lahadi ya sa aka wanke masa farar rigarsa.

Sai dai Talatar nan ita ce ranar da ya tsayar don ƙona tasa gonar. Hamma ya riga ya janye shanunsa da bukkokinsa zuwa gefen gabas, kusa da gawon nan biyu, don ya ba shi fili. Da asuba Malam ya saki toka, ta sauka a kan yatsun ƙafarsa, iska ko motsi. Ya dawo ya ce a ƙona, a gama da wuri. Yana shiga gida neman ashana Sabuwa ta tare shi.

"Malam, yanzu aka faɗa a rediyo wai yau da rana za a yi iska mai ƙarfi a ƙasar Gumel da kewaye. Sun ce a yi hattara da wuta."

"To, su da suka faɗa su zo su hura ta mana."

"Ni dai da ka bari ka dawo daga tafiyar."

"In ce wa gari a ƙona, ni kuma in fasa? Gobe wa zai saurare ni?"

Ya ɗauki manjagara ya fita da sauri. Fartanya tana jingine a zaure, ya wuce ta. Sai da ya yi nisa ya tuna, ya tsaya, ya dubi rana, ya ce a ransa ai ƙafa ma tana tura yashi.

Wuta ta ci tsibi-tsibin nan lafiya lau ta mutu. Ya fara zagaye. Ya ga kandilo ɗaya yana hayaƙi, ya tura masa yashi da ƙafa. Ya ga na biyu, ya rufe. Yana ɗagowa ya ji ƙahon babur daga bakin hanya, mai ɗaukarsa ya biyo shi har gona. A daidai nan ya hango wani siririn hayaƙi can ƙuryar gabas, bai fi zare ba. Ya gan shi, babu tantama, idonsa ya tsaya a kansa. Tsakaninsa da wurin bai wuce taku ɗari biyu ba. Mai babur ya sake danna ƙaho. Malam ya ce a ransa wannan kafin a jima ya mutu da kansa, ya juya ya tafi gida ya sa farar riga.

A ƙauyen da ya je an karɓe shi hannu bibbiyu. Ya zagaya, ya nuna, ya yi bayani, har ya tsaya a gaban jama'a ya karanta musu ƙa'idar fartanya da kandilo. Da azahar yana alwala ya ji iska ta bugi buta ta kifar da ita. Ya tuna da siririn hayaƙin nan, amma ya daure ya ci abincin da aka kawo masa. Suna kan hanyar dawowa da la'asar, tun daga nesa ya ga baƙin hayaƙi ya tokare sama daidai saitin garinsu.

Guguwa ce ta taso da azahar ta bi ta ƙuryar gonar, ta kwashi garwashin ta watsa a busasshiyar ciyawa. Hamma yana can rijiya da manyan shanu. Yelwa ta dawo daga talla ke nan ta tarar wuta ta kama bukka ta nufi dangwali, igiyar da ake ɗaure maruƙa a jere. Ta faɗa ciki tana kwancewa da hannu. Ta ceci shida, huɗu suka mutu a ɗaure. Hannayenta duka biyu suka ƙone har gwiwa. Wutar ta hau gawo ta cinye harawa, ta share makiyaya, ta juya ta nufi gari. Maza da mata suka fito da rassan darbejiya da yashi a kwano. Kafin a ci ƙarfinta ta cinye tarin kara da shuci, wato ciyawar jinka, na gida bakwai, da rumbun gero guda a bakin gari.

Kashegari aka taru a ƙofar dagaci. Rai a ɓace yake, kowa yana neman wanda zai ɗora wa. Waɗanda suka fara fitowa daga gari suka ce su dai a ruga suka fara ganin hayaƙi, kuma ba ƙarya suka yi ba. Gonar Malam kuwa tun safe baƙa ce, ba wanda zai dube ta ya ga wata alama. Dagaci ya juyo gare shi.

"Malam, kai ne idonmu a kan wannan. Jiya kai ma ka ƙona gonarka, kuma ita ce a jikin ruga. Akwai abin da ka bari?"

Hamma yana zaune a gefe, sandarsa a kan cinya. Ya ɗago ya dubi Abdulbaƙi, ba da fushi ba, irin kallon da mutum yake yi wa na gida idan yana jiran ya yi magana. Abdulbaƙi ya kawar da kai. Jiya jiyan nan aka ɗauke shi a babur zuwa ƙasar Gagarawa don ya koya wa mutane kashe wuta.

"Ranka ya daɗe, na gama tun kafin hantsi. Jama'a sun ga wucewata."

"To ai shi ke nan," in ji dagaci. "Wa zai koya wa Mai Toka kashe wuta?"

Daga nan magana ta koma kan murhun Yelwa. Wani ya ce ta dafa abu ta tafi talla ba ta kashe ba. Wani ya ce dama haka suke, sakaci ne. Abdulbaƙi bai ce haka ne ba, bai kuma ce ba haka ba ne. Ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke. Aka tambayi Hamma ko yana da ta cewa, ya ce Allah ya kiyaye gaba. Dagaci ya yanke cewa daga yanzu ruga ta yi nesa da gari.

Ba abin da ya rage wa shanun Hamma a wurin, ko tsinke. Kowa ya ɗauka a ranar za su tashi. Amma suka zauna a ƙarƙashin ƙonannen gawo kwana uku cur, shanu suna kuka. Abdulbaƙi yana hango su ta kan katanga. Sau biyu ya sa takalmi ya kama hanya. Na farko ya kai bakin rijiya ya juyo. Na biyu ya haɗu da mutane suna zancen wutar, suka ce masa da kowa irinsa ne da ba a ga wannan masifa ba, sai ya tsaya ya taya su jajantawa ya koma gida. Sabuwa ce ta je ta kai wa Yelwa man shafawa da kunu. A rana ta huɗu da safe aka duba babu kowa, sawun shanu ya yi arewa wajen iyaka.

Ran nan da ta kawo masa tuwo, Sabuwa ta ajiye kwano ta tsaya.

"Malam, ranar Talata fartanyarka a zaure ta wuni."

Bai ɗago ba. Ta juya ta koma ɗakinta.

Shekaru suka yi ta tafiya. Gonar da ta saba da taki ta fara rama, zangarniya ta gajarce, ya koma neman takin zamani kamar kowa. Wannan bai dame shi ba kamar yadda sunan Yelwa ya zama abin faɗa a gari. Idan yarinya ta bar murhu da wuta, sai ka ji uwarta ta ce za ki yi mana irin ta Yelwa. A gaban idonsa ake faɗa, wani lokaci ma a cikin gidansa idan mata sun taru.

Bai daina sakin toka ba, domin da ya daina da an tambaye shi dalili. Sai ma ya ƙara wa kansa aiki. Duk ranar ƙuna, bayan kowa ya koma gida, sai ya saɓa fartanya ya bi gonakin mutane ɗaya bayan ɗaya yana tono yana binnewa, cikin ranar nan mai narka ƙwaƙwalwa. Mutane suka ƙara yaba shi, har liman ya taɓa kawo shi misali a kan amana. Yabon da a da yake sa shi canza tafiya, yanzu idan ya ji shi abinci ba ya shiga. Rediyon Sabuwa kuwa ya daina yi mata tsaki. Idan an fara hasashe sai ya matso kusa da danga ya yi kamar yana gyaran igiyar akuya.

Kowace bazara yakan ce bana zai nemi Hamma. Sai ya ce bari a gama shuka. In an gama shuka, bari a gama noma. Ya san suna wajen Magarya, can ƙetaren iyaka, tafiyar da ba ta kai wuni ba. Abin da ya tsare shi kunya ce, da kuma son sunan nan nasa, ya sani sarai.

Bana da aka shiga Maris rediyo ta ce zafi zai yi tsanani, iska za ta yi yawa, ruwa kuma zai makara. A makon ne wani dillalin shanu ya gaya masa cewa ya ga Hamma a kara, wato kasuwar dabbobi ta Maigatari, kuma Hamma ya ce zai dawo Alhamis mai zuwa da bijimi. Malam ya shiga gida ya faɗa wa Sabuwa labarin, ya zauna yana tunani. Gwiwoyinsa sun fara ciwo, idonsa ya fara hazo, har tokar ma sai ya sunkuya yake ganin inda ta sauka.

"Ka je," in ji Sabuwa. Ba ta tambaye shi abin da yake tunani ba.

Ranar Alhamis ya hau babur zuwa Gumel, daga nan ya shiga mota. Ya sha yawo a cikin kara, tsakanin shanu da raƙuma da manyan motoci, kafin ya hango shi a inuwar wata rumfa. Hamma ya tsufa, gemunsa fari, ya ɗan ranƙwafa. Abdulbaƙi ya yi sallama.

"Agwai."

Hamma ya dube shi ya daɗe, sannan ya miƙo hannu.

"Malam Abdulbaƙi. Sannu da zuwa. Ina gajiya, ina iyali?"

Tun da suke, bai taɓa jin sunansa a bakin mutumin nan ba. Da zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi. Suka gaisa gaisuwar baƙi, doguwa, mai tsabta. Sai Abdulbaƙi ya durƙusa a kan yashi, bai damu da masu wucewa ba.

"Hamma, wutar nan tawa ce. Na ga hayaƙin da idona na tafi na bar shi. Ban je da fartanya ba. Dagaci ya tambaye ni na ɓoye."

"Na sani," in ji Hamma. "Tashi ka zauna, mutane suna kallo."

Ya tashi ya zauna a bakin tabarma.

"Kashegari da sassafe, kafin a taru, na bi sawun wutar. Ka san tana faɗi inda ta je, tana tsukewa inda ta fito. Na bi ta har ƙuryar gonarka, na tarar da kandilon, ya zama toka bai ko rushe ba. Yelwa kuwa ran nan ba ta hura wuta ba sam, fura muka sha da safe."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Na so in faɗa. Ita ta hana ni. Ta ce in na faɗa a gaban jama'a na tozarta ka, kuma ba lalle a yarda da ni ba. Ta ce a bar Kaɗo, zai faɗa da bakinsa, in bai iya a gaban dagaci ba zai zo nan. Mutumin da ya sha nono a hannunta shekara ashirin, ta ce, ba zai bari a tafi da sunanta haka ba. Shi ya sa muka zauna kwana uku. Ni tun rana ta biyu na ce mu tafi, shanu za su mutu. Ta ce a ƙara kwana ɗaya."

Abdulbaƙi ya rufe fuskarsa da hannun riga. Da ƙyar ya ce, "Kai ni wurinta. Yau ɗin nan, in akwai mota."

Hamma ya juya sandarsa a hannu.

"Bara da kaka ta rasu. Mun kai ta lokotoro, asibitin Magarya, kwana biyar. Hannayen nan ba su ƙara tatsa ba, yatsun sun manne. Amma ba ta taɓa zaginka ba. Duk sanda na dawo daga kasuwar nan sai ta tambaye ni ko na ga wani daga wajenku. Ƙwaryarka tana nan a cikin kayanta, ba ta ba kowa ba."

Can wani dillali ya leƙo yana kiran Hamma, an zo ganin bijimi. Hamma ya miƙe yana dafa sanda.

"Abin da ke nawa, maruƙa da harawa, na yafe tuntuni, duniya da lahira. Nata kuwa ba ni da ikon yafe shi. Allah ya kai ka gida lafiya, Malam."

Kashegari Juma'a. Da aka sallame, kafin mutane su watse, Abdulbaƙi ya miƙe a ƙofar masallaci ya ce yana da magana. Ya faɗi komai, tun daga fartanya har zuwa amsar da ya ba dagaci. Ya ce Yelwa matar Hamma ba ta da laifin komai, shi ne mai laifi, kuma yana roƙon kowa ya gaya wa iyalinsa a daina kiran sunanta a kan murhu. Ya tsaya yana jiran abin da zai biyo baya. Ya shirya wa zagi, har ya so a zage shi.

Dagacin da ya yi masa tambayar ya daɗe da rasuwa, mai rumbun da ya ƙone ma haka. Dattawa biyu uku suka girgiza kai suka ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ai abu ya wuce, Malam. Mutane suka fara neman takalmansu. Wani magidanci da ya dawo garin bayan wutar ya taɓa na kusa da shi, Abdulbaƙi yana ji.

"Ashe Yelwar nan mutum ce? Ni na ɗauka faɗa ce kawai ta mata."

Sannan ya matso da fara'arsa, ya rage murya don girmamawa.

"Malam, na gama tara sharar gonata. Gobe za a ƙona?"